Murtala: Doki da Linzami

Naira ashirin ce ta tayar da gardamar. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 2026, bayan an sauko masallaci a Horo Birni, muna zaune a bencin mai shayi sai ya miƙo wa wani matashin malamin firamare canjinsa, wata tsohuwar Murtala da ta sha hannu har korenta ya dushe. Malamin ya juya ta gaba da baya, ya ce yau shekara 50 cif da kashe mai wannan hoto, kuma ranar ma Juma'a ce kamar yau. Ya ƙara da cewa shi a abin da ya karanta a wayarsa, mutumin nan da ake ta yi wa kuka akwai jinin mutanen Asaba a wuyansa. Wani dattijo da ke gefe, tsohon soja ne da aka ɗauka kurtu lokacin yaƙin basasa, ya dangwarar da kofinsa.

"Kai Malam, wayarka ta ga yaƙi? Mu munka gan shi. Ba don wanga bawan Allah ba, da Ojukwu ya sha ruwan Ikko."

"Baba, ban ƙaryata ku ba," in ji malamin. "Amma wanda ya yi daidai a Ore ai yana iya yin ɓarna a Asaba."

Ban sa musu baki ba, don gardamar tsoho da yaro a gaban jama'a ba a shigarta da ka. Amma na tafi da ita gida. Mu mutanen wannan yanki muna da dalilin da ya fi na kowa na tsayawa mu san wane ne Murtala Ramat Muhammad. Kwana goma kafin a harbe shi ya sanar da kafa Jihar Sakkwato, shi ya sa bikin cikarta shekara 50 da juyayin mutuwarsa suka zo a wata ɗaya. Kuma jadawalin da ya shata na mayar da mulki ga farar hula shi ne ya ɗauki wani tsohon malamin makaranta daga garin Shagari, nan maƙwabtanmu, ya kai shi kujerar shugaban ƙasa.

An haife shi a unguwar Kurawa cikin birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Sunan mahaifiyarsa Ramatu ne ya maƙale a tsakiyar nasa. Masu tonon asali sun daɗe suna ja-in-ja a kan kakanninsa, wasu su kai shi zuriyar alƙalan Kano, wasu su ja shi har Auci a kudu. Wannan ba ta dame ni ba. A Kano ya tashi, ya yi Gidan Makama da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda yau ake ce wa Barewa, inda Yakubu Gowon ya riga shi shiga da fita. Kawunsa Alhaji Inuwa Wada minista ne a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Ya shiga soja a 1958, ya yi Sandhurst a Ingila, ya fito da anini a kafaɗa a 1961, ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo ya yi wa Dakta Majekodunmi dogari lokacin dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962.

Abu ɗaya a cikin wannan jerin ya kamata a riƙe, don masu yabonsa da masu sukarsa duk sukan tsallake shi. Murtala sojan sadarwa ne. Waya da rediyo da oba-oba su ne sana'arsa, a kansu ya yi kwas a Catterick, a kansu ya hau muƙamai har ya zama Laftanar Kanar kuma sufeton sadarwa na rundunar soja a 1966. Mai wannan aiki ya saba da cewa in an yi magana a nan, nan take ta isa can. Bai saba da tafiyar sojan ƙasa ba, wadda sai an auna nauyin kaya da zurfin ruwa da yawan buhunan garin da za a ci a hanya.

Daren 15 ga Janairu, 1966 ba sai an tuna wa Basakkwace shi ba. An kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam, wato kusan duk manyan hafsoshin da Arewa ke da su. Shehu Shagari, wanda yake minista a lokacin, ya tattara ya dawo gida ya koma hidimar gina makarantu. A barikoki kuwa kuratan Arewa suka riƙa yi wa hafsoshinsu gori, suna tambaya ko su mata ne. Da Janar Ironsi ya fito da doka ta 34 a watan Mayu, ya rushe jihohi ya dunƙule ma'aikatan gwamnati wuri ɗaya, sai garuruwan Arewa suka kama da wuta, kalmar "a raba" ta cika baki. Murtala bai ɓoye fushinsa ba ko a gaban manyansa. Ranar 29 ga Yuli abin ya fashe daga barikin Abekuta, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Badun, Murtala da mutanensa suka riƙe barikin Ikeja da filin jirgin sama.

A nan akwai abin da littattafan makaranta ba su cika son faɗa ba. Murtala bai yi juyin mulkin nan don ya riƙe Nijeriya ba, ya yi shi ne don Arewa ta fita daga cikinta. Har jirgi aka tare aka kwashi iyalan sojojin Arewa zuwa Kano. Kwana uku ƙasar ba ta da shugaba, manyan sakatarorin gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suna ta lallashi, suna nuna wa samarin nan cewa Arewa ba ta da teku kuma ba ta da kuɗin riƙe kanta. Daga ƙarshe aka tsayar da Gowon ranar 1 ga Agusta, saboda shi ne babba a hafsoshin Arewa da suka rage. Murtala ya yarda, amma yardar wanda ya yi noma wani ya kai amfanin rumbunsa. Wannan tsamin bai bar tsakaninsu ba har shekara tara.

Shekara guda bayan haka, mai neman a raba shi ne aka aika ya hana rabuwa. An fara yaƙi a Yulin 1967, gwamnatin Legas na kiransa ɗan aikin 'yan sanda. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka ƙetare Kogin Kwara, suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma cikin yini guda, suka nausa har Ore, hanyar Legas ta buɗe. Babu rundunar da za ta tare su. Aka ce Murtala ya haɗa Runduna ta Biyu, shi kuwa ya haɗa ta da abin da hannu ya kai: masu dafa abinci, akawuna, direbobi, tsoffin sojoji, da kuratan da ba su gama koyon saɓa bindiga ba. Ya ƙwace motocin haya a titi ya loda su. Shekararsa 28. Mutumin da bai taɓa jan bataliyar sojan ƙasa zuwa fagen fama ba, ga shi da runduna sukutum.

Kuma ya yi abin da aka aike shi. Ya kora su daga Ore, ya shiga Binin ranar 20 ga Satumba, sa'o'i kaɗan bayan an yi shelar wata jamhuriyar Binin da ba ta ga faɗuwar rana ba. Bayan kamar mako biyu yana bakin kogi. Wannan shi ne Murtalan da dattijon bencin mai shayi yake karewa, kuma yana da gaskiya. A wannan gaɓar gaggawa ita ce magani. Mai tsayawa lissafi da ya bar Banjo ya huta ya sake shiri.

Sai Asaba. Sojojin tarayya sun shiga garin a farkon Oktoba, suna zargin mutanensa da haɗa baki da Biyafara, aka fara kashe-kashe gida gida. Ranar 7 ga wata jama'ar gari suka fito cikin fararen kaya suna rawa da waƙar Nijeriya ɗaya, don su nuna ba su da faɗa da kowa. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, aka binne da yawa a rami ɗaya. Wasu malaman jami'a biyu daga Amurka, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, sun bi waɗanda suka tsira sun tattara bayanansu a wani littafi da ya fito a 2017. Sunan da ya fi yawo a bakin shaidu shi ne na Ibrahim Taiwo, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar. Amma runduna ta Murtala ce, kuma ba a gurfanar da kowa ba. A addininmu da al'adarmu, makiyayi ake tambaya ɓarnar garke. Ban ga dalilin da zai sa ɗan Arewa ya ji kunyar faɗin wannan ba, alhali mu ma muna son a ji namu kukan na Janairun 1966.

Abin da ya biyo baya shi ne inda na fi daɗewa ina dubawa, domin a nan halin mutumin ya fito tsirara. Sojojin Biyafara da suka ja da baya sun karya gadar da ta haɗa Asaba da Anaca. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar ya hau arewa zuwa Idah, inda gaɓar kogin duka biyu ke hannun tarayya, ya ƙetare lafiya, ya gangaro wa Anaca ta tudu. Hanyar ta yi masa nisa. Yana tsaye a Asaba yana hango rufin babbar kasuwar Anaca da idonsa, a ce ya yi zagayen makonni? Ya ce ta ruwa za a shiga. Wasu hafsoshinsa, irin su Alani Akinrinade, suka nuna masa haɗarin, bai saurara ba.

Mu da ke zaune kusa da gulbi mun san abin da jirgin ruwa mai lodi ke yi in ya juya, ba a manta da abin da ya faru a ruwan Shagari a 2022 ba, kuma wannan babu mai harbi. To, a ƙaddara faɗin Kwara a Anaca, a ƙaddara kuratan da yawancinsu 'yan tudu ne da ba su iya iyo ba, ga takalmin soja, ga bindiga, ga jakar harsashi a ƙugu. Ayarin farko ya samu sauka, ya shiga gari. Maimakon su kafa ƙafa, sai sojojin suka watse cikin kasuwa suna kwasar ganima, kasuwar ta kama wuta. Joe Achuzia da mutanensa suka dawo musu ta baya, jiragen da za su kawo ɗauki ba su iso ba, aka rutsa su tsakanin wuta da ruwa. Murtala ya sake turawa. Aka sake nutsar da su. Ya sake turawa karo na uku. Sai bayan nan ya haƙura ya bi ta Idah ɗin da aka faɗa masa tun farko, ya ratsa ta Inugu da Awka, ya kama Anaca a watan Maris na 1968, wata biyar bayan ranar da ya so.

Ko wannan nasarar ba ta zo a tsarkake ba. A ƙarshen watan, ayarin motocinsa kusan ɗari, ɗauke da harsasai da abinci da mai, ya jeru dab da juna a siririyar hanyar Abagana. Manjo Jonathan Uchendu na Biyafara yana kwance a daji. Harbi ɗaya ya sami tankar mai, wuta ta bi jerin motocin tun daga kai har wutsiya. Ba a daɗe ba Murtala ya bar rundunar, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓa, shi kuma ya koma kujerarsa ta sadarwa. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970 ba ya fagen daga.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari mai yawa. Ya zama Birgediya a 1971. A 1974 Gowon ya ba shi kwamishinan sadarwa na tarayya, inda ya zauna majalisa ɗaya da Shehu Shagari, wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi tun bayan murabus ɗin Awolowo a 1971. Ina son in hango teburin nan: Turakin Sakkwato mai sanyin magana a gefe guda, Birgediyan Kano mai saurin hawa a ɗaya gefen. Ƙasar kuwa kuɗin mai sun yi mata yawa har sun zama cuta. Ƙarin albashin Udoji ya tayar da farashin komai. Jiragen ruwa sama da 400 maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, ana biyan su kuɗin jira kullum, simintin na daskarewa a cikinsu. Ƙidayar 1973 ta zama abin faɗa. Gwamnoni sun zama sarakunan da ba a taɓawa. Ranar 1 ga Oktoba, 1974 Gowon ya ce alkawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, bai kuma sa wata rana ba.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, shekara tara daidai da wancan Yulin, Gowon na taron shugabannin Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba, shugaban dakarun da ke tsaronsa, ya shiga rediyo ya ce an sauke shi. Ba a zubar da jini ba. Murtala ma ba ya ƙasar, yana Landan. Kanar-kanar ne suka yi aikin: Garba, Shehu Musa 'Yar'aduwa, Abdullahi Muhammad, Ibrahim Taiwo, Anthony Ochefu. Kuma 'Yar'aduwa yana cikin waɗanda suka ga Anaca da idonsu.

Ga inda nake kafa hujjata. Kamar yadda Garba ya ba da labari daga baya, da suka zaunar da Murtala da Obasanjo da Danjuma, sun ce Murtala zai zama shugaba, amma da sharaɗi: su ukun za su yi mulki tare, kuma in kashi biyu cikin uku na majalisar ƙoli ta soja suka ƙi wata shawara tasa, ta faɗi. Murtala ya fusata, ya ce shi ba za a ɗaure masa hannu ba. Suka ce to za su miƙa wa Obasanjo, in ya ƙi su ba Danjuma. Sai da abokan nasa biyu suka keɓe da shi kafin ya sauko. Samarin nan sun san dokin da suke shirin hawa. Ƙarfinsa suke so, sun kuma san inda ya taɓa kayar da mahayi, shi ya sa suka sa linzami kafin su ɗaura sirdi.

Akwai masu cewa Murtala tuba ya yi, cewa wanda ya hau mulki a 1975 wani sabon mutum ne da yaƙi ya ladabtar. Labari ne mai daɗin faɗa a wa'azi, amma hali zanen dutse ne, kuma mutumin da ya daka wa kanar-kanar tsawa a ranar farko bai yi kama da wanda ya sauya ba. Akwai masu cewa mutuwa ce ta rufa masa asiri, da ya yi shekara biyar da an gaji da shi kamar yadda aka gaji da Gowon. Wataƙila, amma wannan duba ne, ba tarihi ba, kuma bai bayyana yadda aka yi ayyukan kwana 199 suka fi na wasu shekaru takwas daɗewa ba. Wasu kuma su ce kuɗin mai ne. To ai Gowon ma yana da kuɗin, har an ce matsalarsa yadda zai kashe su. Ni abin da na gani shi ne, a duba ayyukansa ɗaya bayan ɗaya: duk inda ya bi ta hannun shawara, aikin ya tsaya har yau. Duk inda aka sakar masa linzami, an sake yin Anaca.

A ɗauki maganar jihohi. Bai tashi da safe ya yanka taswira ba. Ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe, suka zaga ƙasa suka karɓi ƙorafi, majalisar soja ta tace, sannan ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya sanar da jihohi 19 maimakon 12. Jihar Arewa maso Yamma, wadda ake mulkinta daga Sakkwato har zuwa Bida da Minna, ta rabu biyu: Neja da Sakkwato. Sakkwaton wancan lokaci ta haɗa da Kabi da Zamfara, waɗanda suka fita a 1991 da 1996. Kanar Umaru Muhammad, wanda ya gaji Usman Faruk a Yulin 1975, shi ya ci gaba da riƙe ta. A wannan jawabin dai ya sanar da sabon babban birni, bisa rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Mutane kan manta cewa masarautar Abuja, wadda ta ba da sunanta da yankin ƙasarta ta koma Suleja, a ƙarƙashin gwamnan da ke zaune a Sakkwato take kafin ranar. Haka tsarin mulki: ya ba Rotimi Williams da mutum 48 aikin rubutawa a Oktoban 1975, daga nan tsarin shugaba mai cikakken iko ya samo asali, wanda muke ta kuka da tsadarsa amma ba mu iya sauya shi ba. Ya kuma sa rana, 1 ga Oktoba, 1979. Duk waɗannan cikin sauri aka yi su, amma saurin wanda ya yarda ya zaga ta Idah.

Ko maganar Angola, wadda ta fi komai ɗaga sunansa a waje, da hannun Garba da Obasanjo da ma'aikatan harkokin waje a ciki. Da ta tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga ƙasar, Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Nuwamban 1975. Shugaba Ford na Amurka ya aiko wasiƙa yana nuna wa shugabannin Afirka inda za su sa ƙafa, gwamnatin Murtala ta ba jaridu wasiƙar tare da amsa mai zafi. Ranar 11 ga Janairu, 1976 Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya gaya wa duniya cewa Afirka ta balaga, ba ta karɓar umarni daga kowa. Zafin nasa ne, amma an riga an auna inda za a zuba shi.

Yanzu a juya ga kora. Cikin 'yan watanni an sallami ma'aikata sama da 10,000: alƙalai, manyan sakatarori, malaman jami'a, 'yan sanda, har masinja. Alƙalin alƙalan ƙasa Taslim Elias ma bai tsira ba. Mutum na cin tuwon dare zai ji sunansa a rediyo, an kore shi nan take, wani ba fansho ba garatuti, a ba shi 'yan kwanaki ya fita gidan gwamnati. Ba shakka akwai ɓarayi da malalata a ciki, kuma talaka ya yi murna, har ma'aikata suka fara isa ofis kafin ƙarfe takwas. Cikin gwamnonin Gowon 12, biyu kaɗai bincike ya wanke, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi. Shagari na cikin 'yan ƙalilan na kwamishinonin tarayya da aka bincika aka samu hannunsu tsaf. Amma a ƙasa, inda ba kwamitin kirki ba sauraron bahasi, shugaban sashe ya samu damar rubuta sunan wanda ya tsana. Ma'aikacin da ya tsira ya koyi darasi, ba wanda aka so ya koya ba: tunda ana iya tsige ka da sanarwa ɗaya bayan shekara ashirin, to tara naka tun da sauran rana. Ina ganin yawancin abin da muke zagi a ofisoshin gwamnati yau jikokin wannan tsoron ne. Kuma duk gwamnan da ya hau yau ya kori ma'aikata da takarda ɗaya yana ji a ransa Murtala yake kwaikwayo.

Wuri na biyu da ba wanda ya iya riƙe shi shi ne tsaron kansa. Ya ƙi komawa barikin Dodan da kwana, ya zauna a gidansa na Ikoyi. Ya soke jiniya da rakiyar babura, yana shiga cunkoson Legas kamar kowa. Jama'a sun so wannan ƙwarai, ni ma da ina nan da na so shi. Amma a daidai lokacin yana shirin rage sojoji kusan 100,000 daga rundunar da yaƙi ya kumbura ta kai wajen 250,000, kuma ƙarin girman Janairun 1976, wanda ya ba shi cikakken Janar ya ɗaga Danjuma sama da kwamishinan tsaro Iliya Bisalla, ya bar ƙuna a zukata. Mai taka wutsiyar macizai da yawa haka ba ya yawo ba takalmi.

Da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, baƙar Marsandinsa ta rage gudu a cunkoso kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi. Mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka na jira a bakin hanya. Suka yi wa motar ruwan harsashi. Ya mutu tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Shekararsa 37. A Ilori aka kama Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara a lokacin, aka kashe shi. Dimka ya shiga rediyo a rikice har ya sa dokar hana fita daga shida na safe zuwa shida na yamma. Danjuma ya tura Kanar Ibrahim Babangida gidan rediyon, kafin la'asar an gama da juyin. An kai gawar Kano, kabarinsa na nan wajen masallacin da ake kira da sunansa. Motar kuwa tana gidan tarihi na Onikan a Legas da hujojinta. An harbe Bisalla da mutum 31 a watan Maris, Dimka da tsohon gwamna Joseph Gomwalk a watan Mayu. A Fabrairun 1977 aka fito da takardar naira ashirin mai hotonsa, wadda a lokacin ita ce mafi girma a ƙasar, mai ita a aljihu yana iya sayen tunkiya. Yau mai shayin Horo Birni ba ya ba da ko ƙullin sukari a kanta.

Linzamin da kanar-kanar suka ƙera shi ya riƙe gwamnatin bayan dokin ya faɗi. Obasanjo ya hau, aka ɗaga 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya ya zama na biyu, Danjuma ya riƙe soja, ba a taɓa jadawalin ba. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 wanda ya kawo ƙarshen zamanin En'e. Shagari ya shiga majalisar tsara tsarin mulki a 1977, jam'iyyar NPN ta tsayar da shi, aka yi zaɓe a Agustan 1979, aka sha shari'ar sha biyu da biyu bisa uku har Kotun Ƙoli, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, ranar da Murtala ya faɗa shekara huɗu kafin nan. Shagari ne kuma ya ɗauki ginin Abuja da gaske, har ya kai bikin 'yancin kai can a 1982 tun garin na jar ƙasa da ƙarafan gini.

A Abujar nan yake kwana a daren da ya shiga 31 ga Disamba, 1983, lokacin da sojoji suka zo kama shi, aka yi musayar wuta da masu gadinsa har Birgediya Ibrahim Bako ya rasa ransa. Wanda aka sanar a matsayin sabon shugaba washegari shi ne Manjo Janar Muhammadu Buhari, wanda Murtala ya fara fito da shi fagen mulki a 1975, ranar da ya naɗa shi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas.